Noti ko Soso: Yadda Za a Girke Kwamfuta a Cikin Gida Mai Taya

Ƙanena da ke zaune a Amurka tace bidiyo ne sana'arsa. Bara ya sayi tsohuwar mota irin wadda suke kira RV, mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, gida guda a kan taya, da niyyar ya riƙa bin aiki duk inda ya kira shi, ya kwana inda dare ya yi masa. Da ya gama gyaran ciki sai ya bugo mini waya, don ya san shekarun da na kwashe ina buɗe cikin kwamfutoci a Kano.

"Yaya," ya ce, "kwamfutar girken nan da ita nake ci, ba zan tafi in bar ta ba. Wasu sun ce in ɗaure ta da noti a jikin motar kamar tare aka ƙera su. Wasu kuma sun ce in na yi haka na kashe ta da hannuna, in nemi soso mai kauri in kwantar da ita a kai. Wa zan bi?"

Ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba. A 2021 masana'antu sun fitar da irin waɗannan gidaje sama da 600,000, adadin da ba su taɓa kaiwa ba, kuma mafi yawansu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suka fito. Annobar korona ta koya wa ma'aikata yin aiki daga nesa, sannan a 2022 Starlink ya fito da tsarin intanet na musamman don masu waɗannan motoci. Motar da a da ake hawa don hutun mako biyu sai ta zama ofis. Da sanyi ya shigo, dubbansu kan gangara hamadar Arizona, su yada zango a kewayen garin Quartzsite, inda mutum zai sauka daga kwalta ya bi hanyar tsakuwa mai gargada kafin ya kai masaukinsa. A irin wannan hanya ake gane wanda ya girke kwamfutarsa daidai.

Bari in fara da 'yan soso, domin hujjarsu ta fi tsufa, kuma duk wanda ya taɓa rasa aikin wata guda a cikin faifai ɗaya zai saurare su da kunnen basira. Abin da suke tsoro shi ne ma'adanar da ake kira HDD. A cikinta akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce har silin gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Idan mota ta faɗa rami faifan na juyawa, allurar na iya dukan fuskarsa ta karce shi, kuma abin da ke rubuce a wurin ya tafi ke nan. Kamfanonin kwamfuta sun daɗe da sanin haka. Tun 2003 IBM ya sa wa kwamfutocinsa na ThinkPad wata na'ura da ke jin faɗuwa ta janye allurar kafin a kai ƙasa, Apple ma ya bi sahu a 2005. To amma waɗannan kwamfutocin tafi-da-gidanka ne, an ƙera su da sanin za su sha wuya. Ita kwamfutar girke, sunanta ma ya faɗi abin da aka yi ta dominsa: a girke ta a ƙarƙashin tebur ta shekara biyar ba ta motsa ba.

Sai 'yan soso su ƙara da halin motar kanta. Da yawa daga cikin gidajen da ake ja da a-kori-kura a kan sifirin na ganyen ƙarfe suke zaune, wasu ko shokazoba babu, saboda ba a tsara mutum ya zauna ciki ana tafiya ba. Masu su kan kwatanta kowace tafiya da girgizar ƙasa: a buɗe ƙofa a tarar da kwanuka sun zube, ƙofar kabad ta ɓalle. Ko da babu babban rami, jijjigar da ba ta yankewa tana aikinta a hankali. Tana kwance sukuru, tana zare waya daga mazauninta, tana gajiyar da dalmar da ta riƙe ƙananan kayan da ke kan babban allo har ta tsage. In ka ɗaure akwatin da noti a jikin ƙarfe, in ji su, ka buɗe wa kowace jijjiga hanya daga taya har cikin kwamfutar babu shamaki. Kuma suna da shaidu masu nauyi. Sojoji da masu jiragen ruwa kan ɗora na'urorinsu a kan wasu murɗaɗɗun igiyoyin ƙarfe da ke shanye bugu. Masu yawon kiɗa da masu ɗaukar shiri a waje suna da akwatuna na musamman, firam a cikin firam, da roba a tsakani. Ko mai kai ƙwai kasuwa ya san ba a jera shi a kan ƙarfen mota tsirara.

Wannan hujja ce mai kyau, na kuma yi shekaru ina kanta. Amma 'yan noti suna fara maganarsu daga wani wuri dabam, wurin da ba na iya kauce masa: ran mutum. A motar da direba da iyalinsa ke zaune ɗaki ɗaya da kayansu, irin ta ƙanena, duk abin da ba a ɗaure ba makami ne. Gwajin da ake yi wa bel ɗin ɗaure keken guragu a cikin mota yana kwaikwayon karo a gudun kilomita 48 a awa, inda kowane abu ke fizgar mariƙinsa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20. A yi lissafi. Kwamfuta mai kilo 15 za ta fizgo da ƙarfin kilo 300, buhun siminti shida ke nan, ta nufi ƙeyar wanda ke riƙe da sitiyari. Gudun kilomita 48 kuwa gudun cikin gari ne. Soso ba ya riƙe komai, kuma 'yar igiyar roba mai ƙugiya da mutane ke ɗaure kaya da ita miƙewa take yi ta saki. Kwamfuta in ta mutu a sayi wata. Ni a nan ne na fara jin ƙafata ta goce daga ɓangaren soso, tun kafin a zo maganar na'urar kanta.

Da aka zo maganar na'urar kuma, sai na tuna abin da ya same ni. Shekarun baya an kira ni wani gari a Jigawa in haɗa bidiyon biki a can, na ɗauki kwamfutata ta girke. Na ninke katifa biyu a but ɗin mota, na tsayar da akwatin a kai, na cusa filo a gefe, na rufe hankalina kwance. Da muka bar kwalta muka hau burji sai na fara jin wani ɗim-ɗim daga baya. Na sa direba ya tsaya, na buɗe but ɗin, ya ja motar a hankali ina biye da ita da ƙafa. Da idona na ga akwatin yana tsalle a kan katifar fiye da yadda motar kanta ke tsalle, yana tashi yana komawa kamar yaro a kan gado. Da muka isa na kunna, allo baƙi ƙirin. Na kwance murfi na haska da tocila: katin hoto ya zame rabi daga raminsa, bakin ramin ya tsage, ɗan maƙallin da ke riƙe shi yana kwance a ƙasan akwati. Daren nan ban runtsa ba, ga masu biki suna jira.

Daga baya na fahimci dalili. Duk abu mai nauyi da ke zaune a kan abu mai laushi yana da nasa saurin lilo, kamar yaron da ke kan lilo: in ka tura shi daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan zai kai shi sama. Gangar jikin mota tana sama da ƙasa kamar sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, tayoyi kuma suna kakkarwa kamar sau 10 zuwa 15. Injiniyoyi sun tabbatar cewa shimfiɗa mai laushi ba ta fara rage jijjiga sai saurin jijjigar ya wuce saurin lilon abin da ke kanta da kusan sau 1.4. Ƙasa da haka ƙara ta take yi, in kuma saurin biyu suka zo ɗaya, sai ta ninka ta. Igiyoyin ƙarfen da sojoji ke amfani da su an zaɓe su ne bayan an auna nauyin na'ura an yi lissafi. Sosan da mutum ya yanko daga tsohuwar kujera babu wanda ya auna shi, don haka caca ce: yana iya taimakawa, yana iya zama shi ne makashin. Ga shi kuma yana toshe kafofin iska. Motar da aka rufe a rana a Arizona cikinta na iya haura digiri 60, kwamfutar da aka lulluɓe da soso a irin wannan wuri kuwa zafi zai riga gargada gamawa da ita.

'Yan noti suna da wata magana da ta fi wannan zurfi, wato cewa raunin kwamfutar girke ta yau a cikinta yake, kuma abin da aka shimfiɗa a waje ba ya kai wa can. Katin hoto na masu tace bidiyo da masu wasanni ya zama dodo. RTX 4090 da Nvidia ya fitar a 2022 ya haura kilo biyu, kuma abin da ke riƙe da shi siririn ramin roba ne da sukuru biyu ko uku a gefe guda. Ƙarfen sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta irin Noctua NH-D15 ya kai kilo 1.3, yana rataye a jikin babban allo kamar tulu a kan ƙusa. Idan akwatin na tsaye, kowane rami sai waɗannan biyun su lanƙwasa allon ƙasa su sake shi. Shi ya sa kamfanonin da ke aika kwamfuta haɗaɗɗiya ta mota suke cika cikinta da wani kumfa mai kumbura, su ce a cire kafin a kunna. Sun san inda take karyewa. Ita kuwa tsohuwar fargabar 'yan soso, faifai mai juyawa, ma'adanar SSD ta rage mata ƙarfi sosai. Babu abin da ke motsi a cikin SSD. Masu ƙera faifan HDD na kwamfutar girke sukan rubuta cewa yana jure bugu na ƙiftawar ido da bai wuce ninkin nauyinsa 60 zuwa 80 ba in yana aiki, kusan 300 in a kashe yake, alhali a takardar SSD 1,500 ake gani. Irin siririyar nan ta M.2 ma kwanciya take yi a jikin allo a danne ta da sukuru, nauyinta bai kai na makulli ba.

Ba na son a ɗauka 'yan soso sun rasa abin cewa. Masu hankalinsu za su ce: ai mu ba katifa muke nufi ba, roba ta gaskiya muke nufi, irin Sorbothane, wadda ke haɗiye jijjiga maimakon ta mayar da ita, a zaɓe ta daidai da nauyi. Za su ce a gidan da ake ja babu kowa a ciki lokacin tafiya, saboda haka maganar ƙeyar direba ba ta taso ba, ga shi kuma can ne gargada ta fi muni. Za su tuna mana cewa mai tace bidiyo har gobe yana buƙatar manyan faifan HDD, domin ajiyar terabayit goma a SSD kuɗi ne mai yawa. Duk gaskiya ne. Wadda ta fi damuna a ciki ita ce ta jijjigar yau da gobe, don ba ni da wata hujja da zan ce ɗaurin ƙarfe da ƙarfe ba ya gajiyar da dalma bayan kilomita dubu hamsin. Na yarda yana yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganinsa barin akwatin yana yawo.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, a sayi kwamfutar cinya a huta. Ta fuskar wuta suna da gaskiya: batirin lithiyam mai amfiya 100 yana riƙe da kusan wat 1,280 na awa guda, kwamfutar da ke shan wat 400 za ta zuƙe shi cikin kamar awa uku, ta cinya kuwa sai ta wuni a kansa. Ga wanda aikinsa rubutu da imel ne, na sa hannu. Amma wanda ke tace bidiyo mai nauyi ya san abin da yake samu a girke, ƙarfi da sanyi da damar canja abin da ya lalace shi kaɗai, kuma ƙanena ya riga ya yanke wannan hukuncin.

Ni dai inda na tsaya, goyo nake tunawa. Uwa takan ɗaure yaro tamau da zani da majanyi har ya zama ba ya da wani motsi nasa na dabam. In ta yi sauri ba ya bugun bayanta, in ta sunkuya ba ya zamewa, kuma abin da ke tsakaninsa da ƙashinta ɗan nama ne da tufa, mai laushi amma marar lilo. Goyon da ya yi sako-sako shi ke wahalar da wuyan yaro. Saboda haka ina tare da 'yan noti a kan asalin magana, tare da aron abu ɗaya daga 'yan soso: roba siririya mai tauri a ƙarƙashin akwati da bayan washar kowane noti, yadda ko robar ta mutu notin na nan riƙe.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan, kuma na fi daɗewa a kan inda za a ɗaure fiye da abin da za a ɗaure da shi. Bangon waɗannan motoci yaudara ne ga ido. Siririn katako ne na 'yan milimita a kan kumfa, sukuru na shiga cikin sauƙi ya fita cikin sauƙi. Dole noti ya ratsa daɓen motar ko ya kama ƙarfen firam, da faffaɗan faranti a ɗaya gefen don kada ya huda ya fice, kuma kafin a huda daɓe a leƙa ƙasa a tabbatar babu tankin ruwa ko bututun gas ko waya. Wurin ya zama ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wanda ya taɓa zama kujerar ƙarshe a bas ya san abin da jelar mota ke yi wa mutum. Na ce ya kwantar da akwatin yadda babban allo zai shimfiɗe kamar faranti, katin hoto da ƙarfen sanyaya su tsaya a kansa, nauyinsu ya danna cikin mazauninsu maimakon ya ja su gefe. Katin kuma a tokare shi da maƙalli a ɗaya ƙarshen, in tafiyar mai tsawo ce a kan tsakuwa a zare shi gaba ɗaya a sa a kwalinsa, aikin minti biyar ne. Manyan faifan HDD su fita daga cikin akwatin, su koma jaka mai laushi a aljihun tebur mai makulli, nan ne soso ke da amfani na gaskiya, kuma kada a kunna su sai mota ta tsaya. A bar tazarar tafin hannu gaba da baya don iska. Inbatar da za ta ba ta wuta ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta gidan lantarki, domin wasu kwamfutocin zamani ba sa jituwa da mai arha.

Ya yi shiru yana rubutawa, sannan ya ce, "Yaya, allon kallo fa? Shi ne ya fi ba ni tsoro." Na ce bayansa akwai ramukan sukuru huɗu, tazarar milimita 75 ko 100, ya ɗaura shi a hannun ƙarfe mai kullewa, shi ma hannun ya kama firam, kuma kafin ya tashi mota ya naɗe shi jikin bango ya ɗaure da bel, da tawul a fuskarsa.

Ya kwashe Asabar biyu yana aikin. Ya turo mini hoton farantin ƙarfen da ya sa a ƙarƙashin daɓe, na ce ya yi ƙanƙanta, ya sake yanko babba. A watan Janairu ya kama hanya daga Tekzas zuwa Arizona, ƙarshenta kilomita da dama a kan tsakuwa. Da ya yada zango ya kira ni ta bidiyo, ya durƙusa ya kama akwatin da hannu biyu ya girgiza, motar ce gaba ɗaya ta motsa. Ya mayar da katin hoto raminsa, ya danna makunni, fankoki suka tashi, allo ya kawo haske. Sukuru ɗaya ya samu ya kwance, a gwiwar hannun allon kallo, ya sa masa ɗigon gam ɗin noti ya ƙara matsewa. Na ce ya sa sifana a aljihun ƙofa, duk tsayawar shan mai ya bi notin da suka riƙe akwatin ya taɓa, sannan bayan wata shida ya buɗe akwatin ya haska mini bakin ramin katin in gani da idona.